Wa zai biya kuɗin binciken jemage?

Wata Alhamis dab da magariba ina tsaye a tashar 37 a Akra, ina jiran trotro mai zuwa Madina. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin a irin wannan lokaci ya san abin da ke biyo baya. Itatuwan da ke gaban asibitin sojoji su fara motsi kamar iska ta taso, kuka ya cika kunne, kafin ka ankara sama ta yi baƙi. Jemagu ne, dubbai a kan dubbai, sun tashi kiwo.

Kusa da ni akwai wani dattijo riƙe da tasbaha, yana kakkaɓe hularsa domin ɗaya daga cikinsu ya sakar masa tsaraba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga waɗannan? Tun daga Turai ake zuwa a kama su, a ɗebi jininsu, a rataya musu na'ura a wuya. Kuɗi ake zubarwa ba na wasa ba. Ni kuwa makon jiya asibiti uku na zaga da jikata a can wani gefen gari, kowanne ya ce babu gado. A ƙasar nan jemage ya fi talaka gata."

Na ce, "Allah ya ba ta lafiya, Baba." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Yaron mota ya ƙwala kiran Madina, muka rabu.

Har na isa inda za ni maganar tana cina. Haushi biyu na ji: na farko don rabin maganarsa gaskiya ce, na biyu don na kasa ba shi amsar sauran rabin.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Kuɗin da ake kashewa don gano yadda lafiyar daji da ruwa da dabba da mutum suke ɗaure da igiya ɗaya ba asara ba ne, ya ma yi kaɗan. Abin da ya cancanci fushin Baba shi ne mafi yawan kuɗin na baƙi ne. Mai biya shi ke zaɓar tambaya, kuma abin da ke hana mutumin Landan barci ba lallai shi ke hana mahaucin unguwar Nima a Akra barci ba.

Me aka gani a jinin?

Masu bincike daga Jami'ar Kambirij da wasu cibiyoyin Birtaniya, tare da Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana da malaman Jami'ar Ghana da ke Legon, sun daɗe suna bin jemagun nan. Tun wajen 2008 suka fara bayyana cewa jinin da yawa daga cikinsu na ɗauke da shaidar sun taɓa karo da ƙwayoyin cuta dangin Nipah, da kuma wata 'yar'uwar haukar kare da aka fara ganowa a jikin irin wannan jemage a Legas a 1956.

Wannan ba ya nufin duk wanda kashin jemage ya faɗo wa a hula ya kamu. Abin da yake nufi shi ne muna da maƙwabci mai ajiya, kuma gara a san abin da ya ajiye.

Nipah ɗin nan ta nuna halinta a Maleshiya a 1998 da 1999. Daga jemage ta faɗa aladu, daga aladu ta faɗa masu kiwonsu. Mutum fiye da 100 suka rasu, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. Da ta ɓulla a Bangaladash kuwa babu alade a tsakani, abin ya ɗaure wa kowa kai. Sai da aka girka na'urar ɗaukar hoto a kan itatuwan dabino da dare aka ga jemagu na lasar ruwan da ake tara a tukwane, wanda mutane ke sha ɗanye da safe. Maganin? A rufe wurin tatsar da 'yar tabarmar gora. Tabarmar ba ta da tsada. Sanin cewa tabarma ce maganin, shi ya ci kuɗi da shekaru.

Masana sun raɗa wa wannan tunani suna, suna ce masa Lafiya Ɗaya. Lissafin da suke yawan kawowa shi ne, cikin cututtuka goma masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutum, wajen shida daga dabbobi suke, cikin sababbi huɗu kuwa uku. A Yulin 2022 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ɓarkewar irin waɗannan cututtuka a nahiyar ta ƙaru da kashi 63 cikin ɗari daga 2012 zuwa 2022, in an gwada da shekaru goman da suka gabata.

"A fara sayen gado tukuna"

Wannan ita ce hujjar Baba, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ya ɗauki yarinya da zazzaɓi yana zaga gari da dare ba ya son jin labarin jemage.

Amma a duba abin da ya faru a Yulin 2022. Aka samu Marburg a Yankin Ashanti, karon farko a tarihin Ghana. 'Yar'uwar Ebola ce, gidanta jikin wani jemage mai kwana a kogo da ramukan ma'adinai. Cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi da ke Legon ta gane ta a jinin da aka aiko, Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar. Aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiyar. Mutum uku aka tabbatar sun kamu, biyu suka rasu, ranar 16 ga Satumba aka ce ta ƙare.

Sai a tuna Gini. Yaro ya rasu a ƙauyen Meliandou a Disambar 2013, ba a san Ebola ba ce sai a Maris na 2014. Wata uku cuta na tafiya babu suna. Kafin ta lafa ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Saliyo da Laberiya, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Asibitoci suka rufe, mata suka riƙa haihuwa a gida. Gado nawa za ka saya ya ishe ka a irin wannan rana, kuma wa zai tsaya a kan gadon?

Ba na cewa ɗakin gwaji kaɗai ya raba Ghana da Gini. Amma da babu mutanen da suka shafe shekaru suna wannan aiki da wasu ke gani kamar wasa da kuɗi, da jinin nan ya yi ta yawo kafin a san mene ne. Haka da korona ta shigo a Maris na 2020, Noguchi da cibiyar binciken cututtuka ta Kumasi, wato KCCR, su suka ɗauki nauyin gwaji a farkon lamarin. KCCR ɗin nan ta riga ta yi shekaru tana nazarin ƙwayoyin korona a jikin jemagun da ke kwana a kogo a Buoyem, kusa da Techiman. Hannun da ya saba da jemage shi ya karɓi majinar mutum.

Kuma gaskiyar magana, ko an tattara kuɗin binciken jemage kaf an miƙa wa Ma'aikatar Lafiya, cokali ne a Tafkin Volta. Rashin gado yana da masu laifinsa, jemage ba ya cikinsu.

Abin da ya taɓa turkenmu

Na san Marburg ta yi wa wasu nisa. To mu dawo gida.

A Yunin 2023, ana saura makonni kaɗan babbar Sallah, cutar antiras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta ɓulla a Yankin Gabas ta Sama, wajen Binduri da kewayen Bawku. Mutum ya rasu, dabbobi suka mutu, hukuma ta hana zirga-zirgar shanu da tumaki da awaki da yanka su na tsawon wata ɗaya a yankin. Ta nan ne kuwa hanyar dabbobin Burkina da Nijar da Mali ta biyo zuwa kudu. Wanda ke da ɗan'uwa dillali a Turaku ta Ashaiman ko mahauci a mayankar Kumasi ya san irin zullumin da aka shiga. Mai cicinga a bakin titi ma sai da ya ji a aljihunsa, don ciniki ba ya son jita-jita.

Ni jikan mahauta ne, don haka bari in faɗi abin da muka sani amma ba ma so a faɗa a gaban baƙo. Idan saniya ta faɗi tana shure-shure, abin da kowa ke cewa shi ne, "A kawo wuƙa kafin ta zama mushe." Ba mugunta ba ce. Saniya ɗaya jarin gida ce, kuɗin makarantar yara ne, sadakin ɗa ne. Sai dai a ciwon saifa wannan wuƙar ita ce babbar ɓarna. Da zarar an buɗe cikin, jini ya sha iska, ƙwayar cutar ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta a ƙasa. Tana iya yin shekaru gommai a nan tana jira. Ruwa ya tono ta, wata dabba ta ci ciyawar wurin, a koma gidan jiya. Mai fiɗa ya kamu ta fata, mai ci ya kamu ta ciki.

Rigakafin dabbobi na wannan cuta ya girmi kakana a sana'a, irin da ake amfani da shi yanzu ma tun shekarun 1930 ake da shi. Abin da ya rage mana tambayoyi ne na gida. Waɗanne filaye ne ƙwayar ke kwance a cikinsu? Wane wata ne ya fi dacewa a bi garke da allura? Nawa za a biya makiyayi diyya har ya gwammace ya kira malamin dabbobi a kan ya kira mahauci? Wannan ta ƙarshen ita ce uwar tambayoyin, kuma ba a ɗakin gwaji ake amsa ta ba, a kara ake amsa ta, a zaune kan benci tare da dillalai. Ita ma bincike ce, ita ma kuɗi take so. Wa zai biya? Ciwon saifar Binduri ba ya hawa jirgin sama zuwa Turai.

Haka zazzaɓin Lassa da ya ɓulla a Akra a Fabrairun 2023. Ɓera ke ɗauke da shi, sunansa ma daga wani gari ne a Borno inda aka fara gano shi a 1969. Duk wanda ya tashi a zango ya san zaman ɗaki ɗaya: buhun masara a ƙarƙashin gado, garin rogo a kwano, babbar kwata a bayan gida. Wane irin ɓera ne ke yawo a Nima da Mamobi da Aboabo, kuma me ke jikinsa? Ina so a ce akwai wanda aikinsa ke nan shekara da shekaru, kuma albashinsa daga baitulmalin ƙasa yake fitowa.

"To a kashe su duka mana"

Wannan na sha jin ta a majalisar shayi. Matasa ne suka fi son ta, don tana da sauri.

An gwada a Yuganda. Bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007, aka toshe ramin aka hallaka jemagun da ke ciki. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, kuma da aka auna sai aka tarar masu ɗauke da cutar a cikinsu sun ninka na da. A 2012 Marburg ta sake ɓarkewa a yankin. An kashe maciji ba a sare kansa ba, an ma tsokano 'yan'uwansa.

Sannan jemagun 37 ba zaman banza suke ba. Na'urar da Baba ya gani a wuyansu ita ta nuna cewa a dare ɗaya sukan yi tafiyar kilomita gommai, suna cin 'ya'yan itace suna zubar da iri a hanya. Itacen odum, wanda kafintocinmu ke rububinsa, yana cikin masu dogaro da su. Ƙasar da ke kukan ƙarewar daji ta kashe mai shuka mata kyauta?

Labarin ungulu ya fi wannan tsoratar da ni. Ina yaro, mayanka ba ta cika mayanka ba sai da ungulaye jere a kan katanga suna jiran a watsar da tumbi. Mu kan jefe su da dutse, kakana ya daka mana tsawa ya ce ma'aikata ne da ba sa karɓar lada. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba na cikin dalilai, haka ma kasuwar kayan tsibbu da ke sayen kai da ƙafa, wadda kada mu yaudari kanmu, da hannun mutanenmu a ciki.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 aka yawaita ba shanu maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Ungulu ta ci mushen saniyar, ƙodarta ta lalace, ta mutu. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in suka shuɗe kafin a gano dalili a 2004, aka hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan titi suka samu abinci suka yawaita. Wasu masana tattalin arziki sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan rabin miliyan daga 2000 zuwa 2005. Da wani ya nemi kuɗin ƙidayar ungulu a Indiya a 1990, na tabbata da an samu dattijo a tasha da zai ce ungulu ta fi talaka gata.

"Kakanninmu sun ci sun sha, Allah ke kiyayewa"

Allah ke kiyayewa, babu musu. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, ya kuma hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka. Wanda ya tashi a kan wannan karantarwa bai kamata killace garke ya zame masa baƙon abu ba.

Kuma dajin kakanninmu ba shi ne namu ba. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 an samu lantarki, an kuma samu ruwa kwance mai faɗin gaske, da ciyayi, da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Ƙauyukan bakin tafkin suka wayi gari yara na fitsarin jini kamar al'ada. Ba wanda ya yi niyyar haka, an canza ruwa ne cuta ta bi canjin.

Yau galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke canza ruwan. Kogunan Pra da Ofin da Ankobra da Birim sun koma kalar koko. A Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya ce laka a ruwan da matatar Sekyere Hemang ke ja ta kai ma'auni 14,000, alhali don 2,000 aka gina ta. Lakar ma ana ganinta. Zaibar da ake kama zinariya da ita ba a gani, tana shiga kifi, kifi ya shigo kasuwa a ƙyafe, a jefa a miya a Asawase ko Fadama. Ramukan da aka bari cike da ruwa kuma sauro ya samu gidan haya kyauta.

A ƙarshen 2021 shawara ta ɓarke a Yankin Savannah ta kashe mutum fiye da 30, mafi yawansu makiyaya da suka yada zango cikin gandun daji ba tare da rigakafi ba. Shawara tana zagayawa tsakanin birai da sauro a daji, mutum ne ke shiga tsakaninsu. A ƙasashen Kudancin Amurka mutuwar birai ita ce ƙararrawar da ke sa a fito da allura. Mu wa ke duba mana biran? Abin takaicin ma, Hideyo Noguchi da aka sa wa cibiyar Legon sunansa, shawara ce ta kashe shi a nan Akra a 1928 yana cikin bincikenta.

Kada a ce kullum labarin asara nake kawowa. Makantar rafi ta taɓa korar ƙauyuka daga bakin kogunan arewacin Ghana da Burkina, ka ga yaro na jan babba da sanda. Aka yi nazarin ɗan baƙin ƙudan da ke kawo ta, aka gane a ruwa mai gudu yake hayayyafa. Daga 1974 zuwa 2002 aka bi kogunan ƙasashe 11 da feshi, daga baya da magani. Mutane suka koma gonaki, ƙasar noma wajen hekta miliyan 25 ta dawo hannu. Shekara 28 ana zuba kuɗi ba a gaji ba. Sai dai kuma, kuɗin wa?

Zanen aro

Noguchi kyautar Japan ce, a 1979. KCCR haɗin gwiwa ce da wata cibiyar Hamburg ta Jamus, tun 1997. Ba na raina alheri, Allah ya saka musu. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma mai shi na iya karɓa ana tsakiyar biki.

Amurka ta kafa shirin PREDICT a 2009 don farautar ƙwayoyin cuta a jikin namun daji, ta kashe masa wajen dala miliyan 200 a ƙasashe da dama, har da Ghana. Aka naɗe tabarmarsa daidai lokacin da korona ke kunno kai. A farkon 2025 kuma gwamnatin Trump ta dakatar da ayyukan USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashe tallafi, fadar shugaban Ghana ta ce giɓin da aka bar mata ya kai dala miliyan 156, wajen rabinsa a fannin lafiya. Ba a tambayi kowa a Akra ba. Zaɓe aka yi a wata ƙasa, firij ya mutu a tamu.

Shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa don bincike tun a Legas a 1980, suka sake maimaitawa a 2007. Alƙaluman UNESCO na 2010 sun nuna Ghana ba ta kai rabin haka ba. Majalisa ta zartar da dokar Asusun Bincike na Ƙasa a 2020, aka ɗauki shekaru asusun na kan takarda.

Ko an zuba masa kuɗi, akwai wata matsala da ta shafi wannan fanni musamman: maraya ne mai kawunai da yawa. Mutum na ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, saniya na ƙarƙashin ta Noma, jemage da biri na ƙarƙashin ta Filaye da Albarkatun Ƙasa, kogi kuma kowa na cewa na wancan ne. Ɗauki haukar kare, wadda ke kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara. An daɗe da sanin cewa yi wa karnuka allura ya fi arha a kan yi wa wanda aka ciza. Amma kuɗin allurar kare daga aljihun likitan dabbobi zai fita, ribar kuma a asibitin mutane za a gan ta. Kowa sai ya naɗe hannu.

Abin da nake so shi ne a yanke wani kaso na asusun nan a ce na wannan aiki ne, kuma ba za a ba kowa ba sai likitan mutum da na dabba da masanin daji sun shigo da takarda ɗaya. A ba da shi na shekara biyar ko goma, don ƙidayar ungulu ko ɓera ta shekara ɗaya ba ta gaya maka komai. A tuna da ɗakin gwajin dabbobi na Pong-Tamale da ƙananan ma'aikatan da ke bin garke a kan babur, ba manyan farfesoshi kaɗai ba. Kuɗin baƙi ya ci gaba da zuwa, muna maraba, amma ya tarar da namu a ƙasa.

Inda na rasa amsa mai daɗi

Hujja mafi ƙarfi a kaina ba daga Baba ta fito ba, daga gidanmu ta fito.

Mutane na cewa masu binciken ma cin kuɗin suke: taro a otal, jaka da biro, kuɗin zama, hoto, a watse. Akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya taɓa leƙa irin tarukan nan ya gani. Wannan dalili ne na a sa ido a kan kuɗin, a buga wa jama'a wanda ya karɓa da abin da ya gano. In an saci kuɗin gina masallaci ɓarawon ake nema, ba a daina salla.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta amana. A 2015 aka shirya gwajin allurar Ebola a Hohoe, jita-jita ta riga bayani isa gari, majalisa ta ɗauki zafi, aka dakatar. Masana suka ce jahilci ne. Ni ban ce haka ba. Mutumin da ba ka saba gaya masa komai ba, ranar da ka zo da allura me kake so ya zata?

Shekarun baya wasu masu bincike sun zo mayankar da kawuna ke aiki. Suka bi ta hannun sarkin fawa, suka yi ladabi, suka ɗebi jinin shanu da na mahauta, suka ce suna neman wata cuta mai sa ɓari a dabbobi da zazzaɓi mai kai da komo a jikin mutum. Kawu ya miƙa hannu da murna, don ya daɗe yana fama da zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi, an yi ta ba shi maganin sauro ba ya ji. Suka ba kowa sabulu da 'yar takarda mai lamba, suka ce za su dawo.

Ban ɗauka mugaye ba ne. Na fi zaton kuɗin aikin ya ƙare a inda mai ba da shi ya ga ya ƙare, wato ranar da aka miƙa masa rahoto. Komawa mayanka a tara mahauta a yi musu bayani da Hausa ba ya cikin lissafin. Kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi wa aski, ba maƙwabcinsa ba. Da kuɗin daga harajin Kawu ya fito, da yana da ɗan majalisar da zai tare a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya tambaye shi ina sakamakon jininsa.

Ana kuma asarar ilimi ta ɗaya ɓangaren. Mahauci ya fi kowa ganin cikin saniya. Kawu na iya duban huhu ya ce wannan daga wane gefen arewa ta fito, ya san watan da hanta ke yawan zuwa da tsutsa, ya san shekarar da saifa ta fara zuwa a kumbure. Makiyayi ya san rafin da garke ke sha ya yi ɓari. Shekara arba'in na irin wannan gani, ba wanda ya taɓa zama da littafi ya rubuta. An ɗauki jininsa, ba a ɗauki abin da ke kansa ba.

Da na je gaishe shi bayan Sallah na ba shi labarin dattijon tashar 37, ya yi dariya har da tari. Sai ya tura jikansa ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. A ciki, tare da katin zaɓe da rasiɗan asibiti, ga 'yar takardar nan ta yi ja don tsufa.

Ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini da kyau. Ko akwai inda suka rubuta wurin da ake zuwa a tambaya?"

Na juya ta gaba da baya. Na ce, "Kawu, lamba ce kawai da kwanan wata."

Ya karɓa, ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin gwangwanin.